Jan Tawul a Barandar Arvid

"Tsaya! Marlys, tsaya! Wai ke ba ki da ido ne?"

Marlys ta taka birki, tarakta ta yi girgiza ta tsaya a tsakiyar hanya. Ta goge gilashi da bayan safar hannunta. Ga Arvid Tollefson can a barandarsa, wandon barci a ƙasa, ƙaton kwat a sama, yana kaɗa hannu biyu sai ka ce mai korar tsuntsaye daga gona. Ta buɗe ƙofa, sanyi ya mare ta a fuska.

"Lafiya, Arvid?"

"Ina fa lafiya? Juya ki ga aikinki."

Ta juya. Dusar ƙanƙarar da ta kwana tana zuba ta shimfiɗu fes tun daga bakin titi har gindin tsohon ɗakin shanu. Ga kuma sawun tayoyinta biyu sun tsaga ta, har tsakuwa ta leƙo.

"Hanya na zo buɗe maka," in ji ta.

"Wa ya ce miki ina da inda zan je?"

"In ka faɗi fa? Motar asibiti ta sama za ta zo?"

"In na faɗi sai ki zo ki share. Yanzu dai a tsaye nake."

Ta kashe injin ta sauko. Tun da asuba ta ba shanu ciyawa, ta fasa ƙanƙarar da ta rufe kwamin ruwansu, ta ɗaga mijinta Duane daga gado ta zaunar da shi a kujera, don tun da aka yi masa aiki a ƙugu komai na gidan ya dawo kanta. Ladan da ta samu ke nan, tsawa daga tsohon da ta zo taimako.

Arvid ya haura tamanin. Alkama ya noma har gwiwoyinsa suka ƙi, ya ba wasu gonar. Bayan rasuwar matarsa Ione ya ɗauko tsohuwar kyamararta mai fim, ya shiga yawon ɗaukar hoto, kuma ba ya ɗauka sai da hunturu. Yakan ce da ganye kore kowace gona kyakkyawa ce, sai ƙanƙara ta sauka ake sanin mai ƙashin kyau. Ya ɗauki rumbunan hatsi, ya ɗauki cocin da aka daina shiga, ya ɗauki shingen da ba ya tsare kowa. Da likita ya hana shi tuƙi, duniyarsa ta tsuke ta koma abu ɗaya: ɗakin shanun da mahaifinsa ya gina, wanda ke fuskantar barandarsa. Rufinsa ya lanƙwashe kamar bayan tsohon jaki, duk zubar ƙanƙara sai ya ƙara duƙawa ƙasa. Hoto ɗaya Arvid yake nema: safiyar da hazo zai daskare a jikin komai, rana ta keto, filin gaban ɗakin babu sawu ko ɗaya. Ya sha kusa samu. Yau iska ce, gobe barewa ce ta ratsa, jibi Marlys.

Ita kuwa Marlys ba shisshigi ya kawo ta ba. A wannan yanki, in ƙanƙara ta zuba, mai tarakta yakan buɗe wa maƙwabcinsa hanya ba sai an roƙe shi ba, kuma abin da ido ke fara nema shi ne sawu a bakin ƙofa. Gidan da ba sawu, gidan da ake buga wa ƙofa ne. Ban da wannan, akwai alkawari a wuyanta. Renae, 'yar Arvid ɗaya tilo, tana birnin Fargo, kuma ta riga ta samar masa ɗaki a gidan kula da tsofaffi. Da ƙyar ta yarda ta bar shi ya ƙarasa wannan hunturun a gidansa, shi ma don Marlys ta buɗe baki ta ce kullum safiya za ta gan shi da idonta. Kalma ɗaya daga Marlys ta isa a zo a kwashe shi.

"Shigo ki sha kofi tunda kin riga kin gama ɓarna," in ji Arvid.

Ya bar kyamarar a baranda a kan sandarta mai ƙafa uku, ya zare ƙananan batura biyu daga cikinta, ya sa a aljihun ƙirjinsa. A kicin ta zauna ba ta ko cire hula ba. Da ya sunkuyo zuba mata kofi ta hango tabo baƙi-baƙi a gefen goshinsa.

"Wannan fa?"

"Ƙofa ce."

"Ƙofa ta sauko ƙasa ta same ka?"

Ya yi kunnen uwar shegu. Ya fito da baturan ya juya su a tafin hannu, ya mayar da su aljihun, kusa da kwalbar maganinsa.

"Sanyi shi ke kashe batir," ya ce. "Dole mutum ya ajiye su kusa da zuciya."

"Wace zuciyar? Wannan da ake tura ta da ƙwayoyi?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya miƙa hannu ya zaro wani jan tawul daga jikin murhu, na Ione ne, ya ɗan koɗe a gefe.

"Ga yadda za mu yi. Daga tagar kicin ɗinki ana hango barandar nan, ko ba haka ba? Ran da aka yi sabuwar zuba, kada ki shigo sai na rataya wannan. Kin gan shi, na gama, zo ki tattake yadda kike so."

"In ban gan shi ba fa?"

"Ina jiran haske ke nan."

"Ko kana kwance a ƙasa."

"Marlys," ya ce, muryarsa ta sauka, "kin taɓa shiga gidan nan da Renae ta samo? Tagarsu wurin ajiye motoci take kallo. Ki bar ni in samu wannan ɗayan. Daga nan ko a buhu ne su ɗauke ni."

Ta dubi tawul ɗin, ta dubi tabon. Ta gaji da musu, ta gaji da zama mai tsaron kowa. Ta ce to.

Ran Lahadi bayan coci Renae ta bugo waya, kamar yadda ta saba.

"Yaya Baba? Yana cin abinci dai ko?"

"Yana ci. Bakinsa ma ƙalau, bai rage faɗa ba."

"Bai sake faɗuwa ba?"

Marlys ta tsaya tana kallon tukunyar da ke kan wuta. "Yana nan a tsaye," ta ce.

"Ban san yadda zan gode miki ba. Da ba don kina leƙa shi kullum ba, da ban iya barci ba."

Ta ajiye wayar ranta ba daɗi. Ba ta yi ƙarya ba, amma ta san gaskiyar ba ta fita ba.

Abin ya yi ta tafiya. In an yi zuba, ta gama da shanu sai ta tsaya a taga da kofi a hannu tana jiran ɗigon ja a cikin fari. Duane kuwa, da yake ba shi da aikin yi sai baki, ya samu abin tsokana.

"Saurayin naki bai ɗaga tuta ba?"

"Sha maganinka."

"Ni da nake neman aurenki ban taɓa sa ki jira haka ba."

"Shi ya sa ka ga yadda na ƙare."

Sai aka wayi gari wata rana da hazo mai kauri, ko shingen gida ba a gani sosai. Ta jira. Ta wanke kwanuka, ta jira. Rana ta kusa tsaka babu ja, babu komai, sai fari. Zuciyarta ta shiga kawo mata hotuna: Arvid a ƙasan banɗaki, Arvid a gindin matakala, muryar Renae tana tambayar ina take. Ta zari makulli ta hau tarakta. Tana shiga hanyarsa, tayoyi na murƙushe dusar, sai hazon ya yage. Rana ta faɗo a kan ɗakin shanun, kowane katako, kowace waya, kowane reshe ya yi fari ƙal yana ƙyalli. Ga Arvid a tsaye bayan kyamara, lafiyarsa lau, hannunsa a kan maɓalli, ita kuma ga ta da ƙatuwar koriyar tarakta a tsakiyar hoton.

Ta so a ce ya yi mata tsawa. Bai yi ba. Ya sauke hannunsa, ya koma ya zauna a kujerar baranda a hankali.

"Da kin ba ni ko da lokacin shan kofi ɗaya," ya ce.

"Na tsorata ne, Arvid."

"Na sani." Ya dubi rufin. "Irin wannan safiyar ba ta cika zuwa sau biyu a hunturu ɗaya ba. Rufin nan ba zai ga narkewar ƙanƙara ba. Ni ma ban ce zan gani ba."

Wannan magana ta fi zagi ciwo. Ta bi ta gida, ta zauna da ita wajen cin abinci, ta raka ta wajen shanu. Washegari ta dafa miyar kaza da dankali ta kai masa. Ta bar mota a bakin titi, ta bi ta gefen shinge a ƙafa ta zagayo ta bayan gida, dusar tana kai mata gwiwa. Ya tarye ta a baranda yana kallon sawunta.

"To, yau kin yi hankali. Ta nan ba ya shiga hoto."

"Karɓi miyarka kafin ta daskare."

"Zo nan tukuna. Hannun nan nawa ya fara rawa, jiya na lura. Ki koya, ko wata rana."

"Ni? Ko a waya hotona karkacewa yake yi."

"Ba wani abu ba ne. Na riga na saita komai, ba na motsa ta daga nan. Batura nan suke shiga, mai ɗan tudun yana sama. Ki sa ido a nan. A'a, kada ki hura mata! Numfashinki zai daskare a gilashin. Riƙe numfashi kamar mai ɓuya. Yanzu danna, a hankali, kada ki soke ta."

Ta danna. Kyamarar ta ce ƙas.

"Sai ki ja wannan hannun don fim ya matsa gaba, sannu-sannu. Fim in ya sha sanyi karyewa yake yi kamar busasshen ganye."

"Shi ke nan? Wannan ne kake hana mutane sakat a kansa?"

"Dannawar ba wuya. Jiran ne aikin."

Bayan haka hunturu ya yi nauyi. Iska ta yi ta kaɗawa, ta tara dusar a wuri ɗaya ta kwashe a wani. Saniya ɗaya ta mutu a garken Marlys. Duane ya zame a banɗaki, aka koma da shi asibiti aka dawo. Arvid ya rame, kwat ɗinsa ya yi masa yawa, ya daina ƙarasa miyar da take kawowa. Sau biyu ta ɗauki waya za ta gaya wa Renae ta zo ta ɗauki mahaifinta, sau biyu ta ajiye. Gaba kura baya sayaki: in ta faɗa, ta raba shi da abu ɗayan da ke tayar da shi da safe, in ta yi shiru, ita ce za ta amsa tambaya.

Sai ga safiyar ta sake zuwa. An yi zuba mai laushi ba iska, gari ya waye da hazo. Marlys tana fita wajen shanu ta ga wayar shinge ta yi kauri da farin gashi na daskararren hazo, ta san yau ce. Ta dawo ta tsaya a taga. Ba a hango gidan Arvid ko kaɗan.

"Ki je ki duba shi mana," in ji Duane daga kujerarsa. Yau ba tsokana a muryarsa.

"Haske yake jira."

"Jiya kin ce numfashinsa bai yi miki ba."

"Na ce haske yake jira, Duane! In na sake ɓata masa, da wane ido zan dube shi?"

Ta yi wanki. Ta share kicin ɗin da ba shi da datti. Kofinta ya huce ta sake ɗumama shi. Can hantsi ya yi nisa, hazon ya fara sirancewa, rana ta keto. Duk faɗin ƙasar ya ɗauki ƙyalli har ido ba ya iya kallo. Ta hango barandar, ta hango ɗan baƙin abu a zaune, ta ce a ranta, yanzu yana dannawa. Ta ba shi na shan kofi ɗaya. Ta ƙara masa na biyu. Ja bai fito ba.

Ta ɗauki kwat ta fita. Ta tuƙa mota har bakin titin Arvid. A nan ta tsaya. Hanyar ga ta miƙe, cikin ƙiftawar ido za ta kai ta ƙofarsa, amma ta kashe mota ta bi gefen shinge a ƙafa. Tana tafiya tana faɗuwa tana tashi, tana jin haushin kanta, amma ba ta taka filin ba.

"Arvid!" ta kira tun daga bayan gida. "Arvid, ni ce, ta gefe na biyo!"

Yana zaune a kujerarsa, bargo a gwiwa, fuskarsa tana kallon ɗakin shanun. Hazon ya daskare a hularsa da girarsa da gashin bargon, daidai kaurin wanda ke kan katakon baranda. Ta cire safar hannu ta taɓa kuncinsa. Ta daɗe a tsaye hannunta a wurin.

Ya jima da rasuwa, wannan kam a fili yake. Ko da ta zo da sassafe za ta same shi da rai? Ba ta sani ba, kuma ta san ba za ta taɓa sani ba. Baƙin ciki ya taso mata, da wata irin gajiya da ta fi ta aiki. Ta zauna a kan matakala.

Daga nan ta lura da kyamarar. Murfin wurin batir a buɗe yake, ciki wayam. Hannun Arvid na dama yana cikin kwat, a kan ƙirji. Bai ɗauka ba.

Wayarta tana aljihu. Ta san da zarar ta buga, motar asibiti za ta zo, ta 'yan sanda ta biyo, fasto ma ya zo, kowa da tayoyinsa da takalmansa. Ta dubi filin. Babu sawu ko na tsuntsu. Amma rana ta fara aikinta, farin gashin nan ya soma sauka daga wayoyi kaɗan-kaɗan.

Ta durƙusa gabansa. "Yi haƙuri, tsoho," ta ce, ta zura hannu cikin kwat ɗin ta buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Baturan sun yi sanyi kamar tsakuwa. Ta cusa su cikin rigarta, ta matse su a hammata, ta koma ta zauna kusa da ƙafarsa. Sanyinsu ya soke ta har ƙashi. Ta jira, idonta a kan rufin da ya lanƙwashe, hawaye yana daskarewa a gefen hancinta.

Da ta ji sun ɗauki ɗumin jikinta ta tashi. Mai ɗan tudun yana sama. Ta rufe murfin, ta sa ido. Ɗakin shanun ya cika gilashin daidai yadda ya saita shi, ƙofarsa a karkace, inuwarsa shuɗiya a kan fari. Ta juya kai gefe ta fitar da numfashi, ta ja wani ta riƙe. Ta danna a hankali.

Ƙas.

Ta ja hannun sannu-sannu har ya tsaya. Fim ɗin bai karye ba.

"To, ga shi nan," ta ce masa. "In ya karkace kai ka jawo."

Jan tawul ɗin yana kan cinyarsa, a ninke, ya shirya shi tun da safe. Ta ɗauka ta kakkaɓe, ta rataya a katakon baranda inda yake ratayewa. Sannan ta fito da waya ta nemo sunan Renae, ta tsaya da yatsa a kansa.

Babu iska. Tawul ɗin ya sauka ya tsaya cak. A can gaban ɗakin shanun, farin gashin yana ta zubowa daga waya, babu ko sauti, yana sauka a kan filin da ba a taka ba.